Zauren gidanmu da simintin da ya kusa cinye shi

Wata Juma'a ce cikin marka, an kwana ana ruwa an wayi gari ana yayyafi, ƙanena ya dawo daga masallaci ya jingina mashin ɗinshi a bangon zaure kaman yadda ya saba, sai bangon ya amsa mashi da wani sauti ƙum, irin na ganga. Ya ɗauko makulli ya ƙwanƙwasa, ƙum ƙum. Ya matsa gaba taku biyu ya sake, nan kuma tauri. Ya kira ni a waya yace Yaya zo ka ji, bangon nan fa cikinshi babu komai. Nace kai dai ka cika neman magana. Bayan kwana huɗu wani ɓangare na filasta mai faɗin ƙyauren ɗaki ya ɓallo daga bangon gabas ya faɗo kan dakali, Allah ne ya tsare lokacin yara suna makarantar allo, da a nan suke zama suna wasa. Abun da muka gani a bayan simintin nan ya tada ma kowa hankali, ƙasar ta jiƙe sharkaf, gara ta yi hanyoyinta ta ko'ina, wajen gindin bango kuwa in ka sa hannu kwasowa zaka yi ka dunƙule kaman tuwo.

Zan faɗi yadda muka yi da zauren nan tun daga ranar har zuwa yanzun, da inda muka dace da inda muka tafka shirme, don na san gidajen da ke cikin irin wannan hali a tsohon garin Katsina suna da yawa, kuma mafi yawansu masu su ba su ma ƙwanƙwasa ba tukun.

Shi kanshi zauren

Gidanmu cikin birni yake, ba sai na faɗi unguwa ba, amma ba mu da nisa da hasumiyar Gobarau. Kakan babanmu ne ya sa aka gina zauren, dattawa suka ce zamanin Sarki Dikko, kenan wani lokaci tsakanin 1906 da 1944. Babu takarda, babu rubutu a bango, abun da muka taso muka ji kenan. Cikin gida duk an rushe an mai da shi bulo da kwano tuntuni, ɗaki bayan ɗaki, duk wanda zai yi aure sai ya fasa na ƙasa ya tada na siminti. Zauren ne kaɗai ya rage sai shigifar da ke bayanshi.

Ginin tubali ne, irin tubalin da ake dunƙulawa da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana ya bushe sannan a jera shi tsaye ana cike tsakani da kwaɓi. Kaurin bangon a ƙasa ya kusa mita guda, yana tafiya sama yana sirancewa, shi ya sa in ka tsaya daga waje zaka ga kaman ginin ya ɗan jingina da baya. Rufin kuma daurin guga ne. Ga wanda bai sani ba, azara itacen giginya ce da aka tsaga, gara ba ta cika iya mata ba, amma in ka shimfiɗa ta ka ɗora mata ƙasa ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kusan mita 2 sai ta fara lanƙwasa. To ya za a yi ka rufe zaure mai faɗi da itacen da ba ya kai wa? Dabarar maginan Hausa kenan, sai su dasa azara cikin bango a karkace, su ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa gaba, su ɗaure da igiya su lulluɓe da ƙasa, a haka a haka har ta wannan bango ta haɗu da ta wancan ta zama bakan gizo. Namu bakan gizo biyu ne suka gitta juna, ƙafa huɗu kenan, a mahaɗarsu can tsakiya an manna wata tasa wadda tun muna yara muke gardamar ko zinari ce. Tagulla ce. A sama akwai zankwaye a kusurwoyi da indararo biyu.

Wanda bai taɓa zama cikin irin wannan zaure a watan Afrilu ba, lokacin da Katsina take tafasa kuma an ɗauke wuta, ba zai gane abun da nake nufi ba. Ɗakunan bulon cikin gida su zama kaman tanda, kowa ya kwaso tabarma ya dawo zaure. A nan aka ɗaura auren iyayenmu, a nan aka yi zaman makokin kakanmu da na babanmu, a nan almajirai suke fakewa in hadari ya taso.

Yadda siminti ya hau kanshi

Marigayi babanmu ne ya sa aka yi, Allah ya jiƙanshi, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Wajajen lokacin da aka ba Katsina jiha ne, 1987 ko bayanta kaɗan, gari ya fara canja kama, kowa yana so gaban gidanshi ya nuna shima an waye. Kafin nan akwai wani gidan magina da suke zuwa mana duk bayan damina, in an gama kaka iska ta fara busawa, su hau sama su duba rufi, su toshe tsaga, su gyara bakin indararo, in shekarar yaɓe ce su yaɓe su shafa makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa. Ana ba su hatsi da ɗan abun da ya samu da abincin rana. Baba ya ga wannan wahala ce ta kowace shekara, yace bari ya yi ma zaure gata sau ɗaya a huta. Aka kawo masu filasta suka lafta siminti waje da ciki har saman rufi, aka yi fenti ruwan ƙwai, mutane suna wucewa suna cewa Alhaji gida ya yi kyau.

Daga ranar maginan nan ba su sake zuwa ba, mi za su zo yi. Sama da shekara talatin babu wanda ya hau rufin nan da niyyar dubawa sai mai ɗaura eriya, daga baya mai ɗaura dish, shima ya huda ya kafa ƙusoshinshi ya sauka.

Sai kuma abu na biyu da ba mu lura dashi ba. An yi ta gyaran lungunmu ana zuba ƙasa ana ɗaga hanya, daga baya aka yi kwalbati, har hanyar ta zo ta fi dakalinmu tudu. Da can in an yi ruwa daga gindin bango yake gangarawa ya bi lungu, yanzu daga lungu yake gangarowa ya kwanta a gindin bango.

Mutum uku, magana uku

Na farko da muka kira mai aikin bulo ne da yake yi mana ƙananan gyare-gyare. Bai ɗauki minti biyar ba yace Alhaji wannan ai ya gama yawo, a ture shi kawai kafin ya kashe wani. Na biyu abokina ne tun sakandare da ya karanta zanen gine-gine a Zariya, shi ya ɗan zagaya ya ɗau hotuna, yace rufin bai motsa ba, bakan gizon babu tsaga a jikinsu, matsalar tana bangon gabas da gindin na kudu. Shi ne ya bani shawara yace kar ka tsaya wajena, ni a takarda na karanta, nemo wanda ya gada.

Neman ya ɗauke mu kusan sati biyu. Gidan maginan namu na da, tsohon ya rasu, 'ya'yan ɗaya yana tuƙa Keke Napep ɗaya yana sai da kayan waya. Su suka kwatanta mana wani dattijo da ya yi aiki da babansu, yana can wani ƙauye a hanyar Mani. Muka je muka ɗauko shi. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, bai yi magana ba sai da ya zagaye zauren sau biyu yana bugun bango da ƙotar sandarshi, ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza ya shinshina, har ya ɗan taɓa a harshe. Sannan yace a kawo tsani. Nace Baba ku bari yara su hau, yace ɗana ni na san inda ake taka wa, su ba su sani ba.

Da ya sauko ya zauna kan tabarma ya sha ruwa, sai yace, wa ya sa ma ginin ga rigar leda? Muka yi shiru. Yace ƙasa shan ruwa take, tun da aka halicce ta haka take, amma in ta sha sai rana da iska su zo su karɓe. Kun rufe mata jiki, ruwa shina shiga ta sama ta tsagar siminti, shina hawowa ta ƙasa, to ta ina kuke so ya fita?

Abokina daga baya ya ƙara mani bayani irin na 'yan boko, kuma magana ɗaya ce. Ƙasa tana kumbura in ta jiƙe tana tsukewa in ta bushe, siminti kuwa ba ya bin ta, to dole wata rana su rabu, ya tsage siriri siriri. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan ruwa ne ya samu. Ya shiga ba ya fita, danshin ƙasa kuma yana hawowa da gishiri-gishirin da ke cin gindin bango, ga duhu ga laima, gara ta samu gidan haya kyauta, kuma duk wannan ɓarna ana yinta a ɓoye sabida fenti yana nan fes daga waje. Bangon ƙasa tsirara in ya fara lalacewa kowa na gani, a yaɓe shi da kwando biyu na kwaɓi a wuce wurin. Namu sai da ya ruɓe ya sanar damu. Indararo ɗaya kuma tsohon ya same shi a toshe da leda da sheƙar tsuntsu, ruwa yana taruwa a kusurwar rufi yana tsiyaya cikin bango, Allah kaɗai ya san daminar nawa.

Hukuncinshi dai shi ne zauren zai tashi, amma ba yanzu ba. Yace a tokare rufin ta ciki da itace a gefen gabas, a buɗe indararo, a rufa ma bangon tamfol daga sama amma kar a manne shi a jiki, a haƙa 'yar hanya ruwa ya daina kwanciya, sannan kowa ya kama bakinshi sai rani.

Taron gida

Nan ne aikin ya fi wuya, don gidan gado ne ba a raba ba. Aka zauna bayan sallar isha'i a tsakar gida, waɗanda ke Abuja da Kaduna aka sa su a waya. Baffanmu, ƙanen Baba, shi ne babba yanzu, yace shi ra'ayinshi a rushe a fitar da shaguna uku a gaban gida, haya tana shigowa ana biyan kuɗin wuta da na makarantar marayun gidan. Kuma maganar gaskiya ban ga laifinshi ba. Mu masu son kayan tarihi muna da wata ɗabi'a ta raina irin wannan magana, alhali wanda yake faɗinta shi ake tasa da asuba in babu cefane. Yace tarihi ba ya cika tukunya, kuma in ginin nan ya faɗo kan ɗan wani, wa za a kai wajen hukuma, ni ko ku?

Gwaggo ce ta tsaya. Tace Yaya, a zauren nan aka sa maka suna, a nan aka fitar da gawar Malam, in kun rushe shi ni dai ku bani rabona in san na bar gidan ubana. Ta fashe da kuka, taro ya watse a ranar babu matsaya.

Kwana biyu bayan nan na tafi gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, da tunanin ko akwai wani taimako. Wani ma'aikaci ya karɓe ni da mutunci ya zauna ya yi mani bayani, cewa dokar da ke kare gine-gine tana aiki ne kan waɗanda aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, irin Gobarau da ita kanta kwalejin, gidan mutum kuwa nashi ne, gyara da rushewa duk suna hannun masu shi. Ban dawo da ko sisi ba amma zuwan ya yi mani amfani. Na tsaya ina kallon ginin nan na ƙasa da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a maida makarantar Kaduna a 1938, daga can ta koma Zariya ta zama Barewa. Ya haura shekara ɗari yana tsaye. Daga nan na biya ta Gobarau, wadda ake danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, tsawonta kusan mita 15. Mu yaran unguwa mun taso muna ganin kaman haka Allah ya ajiye ta, alhali ita ma ta taɓa lalacewa bayan an daina sallar Juma'a a wurin, sai zamanin Sarki Dikko aka tara magina suka tada ta. Wato abun da muke nuna ma baƙi muna alfahari, hannun masu gyara ne ya kawo mana shi. Haka abun yake a Jenne ta ƙasar Mali, masallacinsu na yanzu ginin 1907 ne, kuma duk shekara gari guda ke fitowa a yaɓe shi kaman ranar sallah. Hasumiyar Agadas ma itatuwan da suka leƙo a jikinta ai matakan masu yaɓe ne.

Abun da ya ɗan sosa mani rai, abokina ya gaya mani in kana son ganin ginin gargajiyar ƙasar nan an tara shi wuri ɗaya, sai ka tafi Jos, akwai gidan tarihin gine-gine da aka kwaikwayi masallacin Zariya na Babban Gwani Muhammadu Durugu da wani yanki na ganuwar Kano har da na fadar Katsina. Yayi kyau da aka yi hakan. Amma ace jikana sai ya hau mota zuwa Jos kafin ya ga daurin guga, alhali akwai shi a ƙofar gidansu, wannan ban iya haɗiye shi ba. Ganuwarmu ma ga yadda ta koma, wani wurin sai an nuna maka tudu ance nan ta bi.

A zama na biyu aka yi sulhu irin na gida. Za a gyara zaure, mu 'ya'yan marigayi da Gwaggo mu ɗauki kuɗin, Baffa ba zai sa ko kwabo ba, shi kuma a bashi shigifa da ɗan filin gefenta ya fitar da shago ɗaya. Shigifar nan ita ma tsohuwa ce, rufin azara shimfiɗe, na so a bar ta amma ba a samun duka. Aka rushe ta. Abun mamaki ita ta ceci aikin, zan zo wurin.

Aikin

An fara bayan hunturu ya kama sosai. Matakin farko ɓamɓare siminti, tsohon yace a hankali da ƙaramar guduma, daga sama zuwa ƙasa, kuma ba duka rana ɗaya ba. A nan na yi kuskuren da har gobe yake damuna. Ranar da aka zo fuskar zaure ta wajen ƙofa ina wurin aiki, na bar leburori da ƙanena. Ashe ƙarƙashin simintin akwai tsohon zanen ado na ƙasa a saman ƙofa, dagi a tsakiya da wasu layuka masu zagaye, masu filastar farko sun sassare shi don siminti ya kama amma rabi yana nan. Tsohon ya tafi sallar azahar, yaran suka ga abu duk ya ruɓe suka kankare shi tas. Ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba, a zamanin da kowa ke da kyamara a aljihu. Gwaggo ce kaɗai ta tuna kamanninshi, ta zana mana a ƙasa da tsinke, amma tsohon yace shi magini ne, zane aikin wasu ne kuma wanda ya sani mai yi ya rasu. Yanzu wurin sumul yake. Duk wanda zai taɓa tsohon gini, don Allah ya tsaya a wurin da ƙafarshi, ya ɗau hoton kowane taku.

Bayan an tuɓe shi aka bar shi ya sha iska sati uku. Makwabta suna wucewa suna tambaya ko kuɗi ne suka ƙare.

Sai neman ƙasa. Da can kowace unguwa tana da kududdufinta, daga nan ake ɗibar ƙasar gini, yanzu an cike su da shara an yi gidaje a kai. Sai daga bayan gari aka kawo a tifa, kuma tifar farko tsohon ya murza yace yashi ya yi yawa a maida ta, direba ya yi ta faɗa. Ta biyu ya karɓa. Aka haɗa da ƙasar tsohon bangon da ta shigifar da aka rushe, yace tsohuwar ƙasa ta riga ta horu ta fi sabuwa. Aka zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, ana takawa da ƙafa, a rufe a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa a sake takawa. Warin kuwa ba a magana, matan gida sun yi mita har sun gaji. Aka dunƙula tubali aka shanya a filin makarantar allo kusan sati biyu.

Gindin bangon gabas ba a fasa shi gaba ɗaya ba. Tsohon yana cire ruɓaɓɓen wuri kaman faɗin kamu biyu, ya cike da sabon tubali, ya tsallake ya bar wani ya tafi gaba, sai wancan ya bushe ya dawo ma na tsakiya. A rana ba ya wuce 'yan layuka, yace in ka ɗora ɗanye kan ɗanye zai zauna ya kumbura ciki. Mai bulon nan namu ya zo kallo yace shi da tuni ya gama ya karɓi kuɗinshi. Tsohon bai ko ɗaga kai ba.

Azara uku ne suka ruɓe a inda suka shiga bango, don ko giginya in ta shekara talatin cikin laima sai ta sallama. Sabuwar azara mai kyau yanzu wahalar samu gare ta, giginyar ta ja baya, wadda ake kawowa kasuwa kuma yawanci ba ta ƙosa ba. Nan azaran shigifa suka yi rana, baƙaƙe masu nauyi kaman ƙarfe, aka zaɓi na kirki aka sa, sauran na hana Baffa ya sayar na ɓoye su a ɗakin ajiya.

Inda muka gaza shi ne rufi. Abun da ake shafe saman soro dashi da can laso ne, haɗin katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, shi ke hana ruwa zama. To marinar ma ina take balle katsi. Muka yi cigiya har Kano, abun da aka samu bai isa rabin rufi ba. Makuba dai an samu, ɓawon ɗorawa ne, mata a ƙauyen tsohon suka tara mana buhu-buhu, ita aka yi amfani da ita a yaɓen bango, ta ba shi wannan jan duhu mai ɗan sheƙi. Rufin kuwa aka ɗaga simintin da ya tsattsage aka sake daɓe da ƙasa aka gyara gangara zuwa bakin indararo, ɗan lason aka sa a kusurwoyi da bakin indararo inda ruwa ya fi ƙarfi, indararon aka sa masu tsawo don ruwa ya faɗi nesa da bango. Wasu sun ce mu ɗora kwano a sama mu huta, kaman yadda gidaje da yawa suka yi. Ban ce haram ba ne, ya fi rushewa sau dubu, amma zankwaye za su tafi, kuma mun riga mun ga inda neman hutu ya kai mu.

A ƙasa aka yanke dakali aka sake shi da gangara zuwa waje, aka fitar da 'yar magudana ta haɗe da kwalbati. Bangon arewa kuwa har yau da simintinshi, kuɗi suka ƙare, kuma da aka ƙwanƙwasa bai yi ƙum ba sai wuri ɗaya. Tsohon bai so ba, yace kun bar maciji a ɗaki don bai motsa ba.

Kuɗin da muka kashe, in aka haɗa duka, bai kai abun da mai bulo ya yanka mana na rushewa da sabon gini ba, amma ya fi abun da na faɗa ma 'yan uwa da farko nesa ba kusa ba, har yanzu akwai yayata ɗaya da take tuna mani. Mafi yawan kuɗin ba kaya suka ci ba, tifa ce da leburori da abincinsu na kusan wata uku.

Inda ake yanzu

Damina biyu ta wuce a kanshi. Ta farko ban yi barcin kirki ba, duk tsawa sai na fito da tocila. Ɗigo ɗaya aka samu ta kusurwar kudu, tsohon ya zo ya toshe cikin awa guda. Fuskar gabas inda ruwa ke duka ta ɗan zaizaye kaman yadda yace za ta yi, aka sake mata yaɓe da rani, aikin kwana biyu. Warin laimar da muka saba ji a zauren, wanda muke zaton haka tsohon gini yake wari, ya ɓace gaba ɗaya.

Shagon Baffa yana nan an ba mai cajin waya haya. Da rana in zafi ya yi zafi, shi Baffan da mai shagon duk a zaure zaka same su.

Cikin leburorin akwai wani yaro jikan tsohon da ya iya dunƙula tubali da yaɓe, hannunshi yana da kyau, amma ɗaurin bakan gizo bai taɓa gani an yi daga farko ba don babu mai sa wa a yi. Na tambaye shi ko zai riƙe sana'ar, yace Yaya in akwai aiki mi zai hana, amma daga naku sai na wa? Yanzu haka yana wajen masu buga bulo a bayan gari. Tsohon kuma ƙafa ta fara hana shi hawa tsani, bana daga ƙasa ya tsaya yana nuna ma yaron da sanda.

Mun buɗe wani ɗan asusu a gida, kowa yana jefa abun da ya samu duk wata don yaɓen shekara, mutum huɗu ne suke biya cikin goma sha ɗaya. Jiya na bi bangon arewa da makulli, wurin da ke ƙum ya ƙaru ya kai faɗin tabarma. Na kira yaron, yace sai bayan sallah zai samu sarari, kuma in fara neman makuba tun yanzu.